Yadda Na Hana Motar Baba Tashi

Yanzu na zo kan shekarar da na yi wa kakanku ƙarya. Hauwa, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini. Ku kun san shi tsoho ne a zaure da carbi a hannu. Ni na san shi direba. Shekara talatin yana ɗaukar shanu a babbar mota daga arewa zuwa kurmi, bai taɓa kayar da mota ba, bai taɓa kwana a daji don inji ya gagare shi ba. Kakanninsa da sanda suka bi shanu, shi ya bi su da sitiyari. Da ya ajiye babbar mota sai ya sayi wata ƙarama fara, tsohuwa, mai kabureta, wato abin da ke haɗa wa inji mai da iska. Lungunmu na Dala ba ya cin mota, don haka ya kafa mata rumfar kwano a bakin lungu. Kullum da hantsi zai fito ya goge ta, ya tashe ta, ya tsaya yana saurare. Ranar Juma'a kuma in an sauko daga masallaci sai ya zuba jikokinsa a baya ya kai su Kabara wurin ƙanwarsa Goggo. Jikokin nan ku ne, Hauwa da Sadiku. Sauran ba a haife ku ba.

Ni ɗan fari ne. Kun san abin da wannan yake nufi a gidanmu, ko da yake ni ban yi muku shi ba. Baba bai taɓa kiran sunana ba, Inna ma haka. Goggo ce ta raine ni tun daga yaye, sai da na yi wayo aka dawo da ni. In Baba zai yi mini magana sai ya juya ya kalli bango ya ce, kai. Da na koyi gyaran mota ya koma ce mini Makanike. Inna kuwa Yayansu take ce mini. Ban taɓa sa hannu a kwano ɗaya da shi ba. Ban taɓa ce masa a'a ba. Haka aka tashe mu, kuma ban ga aibun abin ba sai a shekarar nan.

Idonsa a hankali ya riƙa tafiya. Kowa ya gani, ba wanda ya faɗa. In za su gaisa da mutum sai ya miƙa hannu gefe. Amma hanyar Kabara tana cikin kansa, kowane rami da kowace kwana. A giya ɗaya da biyu yake tafiya, hannunsa a kan hon. Mutanen unguwa sun san ƙarar motar, da sun ji ta sai su janye yaransu da kayan tallarsu. Su suke gani masa, shi yana zaton shi ke gani. Sai wata Juma'a da rana tsaka ya taka ragon maƙwabcinmu Malam Iro, yana ɗaure a ƙofar gidansa da ke bakin lungu. Ya dawo yana faɗa, wai wasu marasa hankali sun ajiye buhu a kan hanya. Malam Iro ya yi sauri ya yanka ragonsa kafin rai ya fita, ya aiko mana da cinya guda, bai ce uffan ba. Baba ya ci naman, ya sa albarka, ya tambaya ko suna aka yi a gidan. Da ya fita sallar isha'i Inna ta kira ni ɗakinta.

"Yayansu, yau rago ne."

"Na ji, Inna."

"Mako mai zuwa fa? Da yaran nan a baya?"

Ta ci gaba:

"Ni ba zan iya faɗa masa ba. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ce masa ga abin da ba zai iya ba. Ƙannenka sun yi masa maganar asibiti, ya ce su kai kansu."

"To ni me zan ce masa?"

"Wa ya ce ka ce wani abu? Ba kai ne makanike ba? Mota ba ta lalacewa ne?"

Kwana uku ina tunani. Lalata mota ba wuya, ɓoye wa Baba ɓarnar ita ce wuya. In na cire waya zai lalubo. In na toshe mai zai ji a hancinsa. In na taɓa saitin inji zai gane tun daga juyin farko. Sai na tuna wata mugunta da na taɓa gani a gareji. Akwai wani murfi a jikin inji, kan distiribita muke ce masa. Wuta tana shigowa ta tsakiyarsa daga kwayil, mai ƙara wa wutar batir ƙarfi, shi kuma ya raba ta ga fulogai huɗu. In aka ja layi da fensir a cikinsa, daga tsakiya zuwa baki inda ya taɓa ƙarfe, sai wutar ta bi layin ta zube a jikin inji, ba ta isa fulogi ba. Murfin baƙi, layin baƙi. Hannu ba ya jin sa, kunne ba ya jin sa, hanci ba ya jin sa. Ido kaɗai ke kama shi. Na ari fensir wurin kafintan da ke kusa da garejinmu. Ranar Laraba da Baba ya kwanta bayan azahar, Inna ta miƙo mini makulli ta bayan labule. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Wannan layin shi ne rubutun da na yi a duniya.

Washegari da hantsi ya aika a kira ni.

"Makanike, tana juyawa ba ta kamawa. Shiga ka ba ta kik in ji."

Na shiga na murɗa makulli. Inji ya juya da ƙarfinsa, ya juya, bai kama ba. Baba yana tsaye gaban bonet ya karkata kai.

"Ya isa, kada ka cinye mini batir. Batir lafiya, kik lafiya. Inji abu uku yake ci, mai da iska da wuta. In ya samu ukun a kan lokaci dole ya tashi, ko uban wa ya ƙera shi. Zare mini tiyon mai."

Na zare tiyon da ke shiga kabureta. Ya tara hannu, na ba ta kik, fetur ya feso masa a tafi. Ya sansana, ya murza da yatsa, ya ce babu ruwa a ciki. Ya sa na cire abin tace iska, ya kife tafinsa a bakin kabureta, na sake murɗawa, ya ji tana zuƙa. Saura wuta. Mu makanikai mukan kusantar da waya jikin ƙarfe mu ga tartsatsi. Baba bai yi maganar tartsatsi ba. Ya zare wayar kwayil ya damƙe bakinta a hannunsa.

"Ba ta."

"Baba, za ta ja ka."

"Abin da nake nema ke nan. Ba ta."

Na ba ta. Wutar ta fizge shi har hularsa ta faɗi ƙasa. Ya yi dariya, abin da ban cika gani ba. Ya mayar da wayar, ya zare ta fulogi na ɗaya ya riƙe, na ba ta kik. Wuta ba ta ja shi ba. Ya bi sauran ukun. Shiru.

"To ɓarawon yana tsakanin nan da nan."

Ya dafa murfin. Abin da na yi kwana uku ina ƙullawa, bai kai minti goma ba ya iso kansa. Ya ɓalle murfin da kansa, ya bi cikinsa da yatsa a hankali yana neman tsaga. Ina kallo yatsansa ya bi ta kan layin ya wuce. Ya ciro rota, 'yar abar da ke juyawa a ƙarƙashin murfin, ya shafa ta. Sannan ya juya ya kalli bango, ya miƙo mini murfin.

"Rana ta yi mini yawa a ido yau. Duba da naka. Ka ga wani abu?"

Layin yana ƙyalli a hannuna.

"Ban ga komai ba, Baba."

"Ka duba da kyau?"

"Na duba."

"To."

Ya yarda. Ranar ce ta farko da ya ari idona, kuma abin da na yi masa da shi ke nan.

Ya ce a sayo sabon murfi. Na sayo, na tsaya a wani lungu na ja masa layi, na kawo na ɗaura. Ba ta tashi ba. Aka canza rota. Aka canza kontak da kondensa. Aka canza wayoyin fulogi gaba ɗaya. Ya sa na kwance distiribita dungurungum na shimfiɗa masa a kan tabarma, ya bi ta ɗaya bayan ɗaya da hannu, ya mayar. Mun tura motar ni da samarin lungu har gumi ya jiƙa mu, ta yi tari ba ta kama ba. Batir ya mutu sau uku, ina kai shi caji ina dawowa da shi. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ku kuna kuka a kai ku wurin Goggo, mahaifiyarku tana lallashinku. A gareji kuma aka same ni. Abokan aiki suka riƙa cewa, Oga Ado, an ce motar gida ta fi ƙarfinka, kawo ta mu koya maka. Wasu masu motoci da suka saba kawo mini aiki suka koma wani wuri. Wa zai ba da motarsa ga wanda ta ubansa ta gagara? Ban ce wa kowa komai ba. Malam Iro ne kawai in ya zo wucewa yakan leƙo rumfar ya ce, Alhaji, ƙila hutu take so, a bar ta ta huta mana. Baba ya ce masa mota ba jaka ba ce.

Zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa ko mahaifiyarku ba. Na ji daɗin wata biyun nan. Kullum da hantsi muna rumfa ni da shi, kanmu a ƙarƙashin bonet ɗaya. Inna ta riƙa aiko da kunu da ƙosai a kwano ɗaya, da gangan. Rana ta farko na tsaya gefe, ya ce wa bango, a zauna a ci mana, ko inji ne zai ci? Na zauna. Ya ba ni labarin hanya. Yadda ya taɓa liƙe tankin mai da sabulu ya kai shanu har inda za su. Yadda ya taɓa kwana biyu a gada ruwa ya cika, yana shayar da shanun mutane da bokiti. Ni da na kai shekara arba'in ban san muryar ubana tana da daɗin hira ba. Ina dariya, fensir yana aljihuna.

Wata rana bayan mun sake gwadawa ta ƙi, ya zauna a benci yana goge hannu da tsumma. Ya daɗe yana gogewa.

"Makanike."

"Na'am, Baba."

"Tun ina karen mota inji bai taɓa yi mini ƙarya ba. Wuta tana shiga, ba ta fita. Komai sabo. Ko dai kaina ne ya fara taɓuwa?"

"Lafiyarka ƙalau, Baba."

"In lafiyata ƙalau me ya sa ban gane ba?"

A nan ya kamata in faɗa. Mu biyu ne kawai a rumfar. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, bari mu sake duba kwayil.

Baba yana da wani tsohon karen motarsa, Ɗanlami, ya girme ni, yana aikin wayarin mota a wajen Ƙofar Mata. Ban san Baba ya aika masa ba. Na tabbata ya daɗe yana jinkirin haka don kada ya kunyata ni. Ranar wata Juma'a da safe ina gareji Ɗanlami ya zo. Daga baya ya ba ni labari. Ya ce yana buɗe murfin ya gani, kafin ya yi tunani bakinsa ya riga shi, ya ce Alhaji, ai layi aka ja mata da fensir. Ya goge da tsumma da ɗan fetur. Kik ɗaya ta tashi. Ya ce Baba bai tambayi wa ya ja ba.

Ni a masallacin kusa da gareji na yi Juma'a, na taho gida da fararen kayana. Tun daga nesa na ji ta. Ba zan taɓa kasa gane ƙarar motar nan ba. Na sheƙa da gudu. Na tarar da mutane tsaye a bakin lungu, waɗanda suka sauko daga masallaci. Baba yana kan sitiyari. Ku biyu kuna baya da kayan Juma'arku, Hauwa kin leƙo da kai ta taga. Ɗanlami yana tsaye gefen direba. Da ya gan ni sai ya sunkuyar da kai. Na ji Baba yana ce masa:

"Wata biyu ina neman ɓarawo a cikin inji, ashe malami gare mu a gida, mai yi wa mota rubutu."

"Alhaji, ka yi haƙuri, ƙila da dalili."

"Matsa, Ɗanlami. Goggonsu tana jira."

Ban yi sallama ba. Wannan shi ne kuskurena, ku rubuta shi a kaina. In na yi magana dole in ƙarasa, dole in ce Baba sauko ba ka gani, a gaban maƙwabta da sa'o'insa. Harshena ya ƙi. In buɗe ƙofa in cire ku kuma ba dama, tunda shi ya ce ku shiga. Sai na je na tsaya a gaban motar, kamar taku huɗu daga bonet, na ɗaga hannu biyu. Na ce a raina zai gan ni, zai gane abin da nake nufi, ya zage ni ya kashe mota. Kowa ya ɗauka magana ce tsakanin ɗa da uba, ba mai shiga. Na kalle shi ta gilashi. Idonsa a buɗe, yana kallona kai tsaye. Na ce ya gan ni. Da ina cikin hankalina da na gane. Baba bai taɓa kallona ido cikin ido ba. Da ya san ni ne a wurin, da ya kau da kai.

Ya danna hon sau biyu kamar yadda ya saba, ya saki kuloci.

Ta buge ni na faɗi, tayar gaba ta hau ƙafata ta dama ƙasa da gwiwa. Na ji ƙarar ƙashin kafin na ji zafin. Mutane suka ɗauki salati. Ya taka birki, ya kashe inji, ya buɗe ƙofa.

"Me na taka? Ɗanlami, me na taka?"

Ya zagayo yana dafa jikin motar, ya durƙusa, ya laluba. Ya taɓa rigata. Ya taɓa fuskata. Ya kamo hannuna ya murza, ya ji kanta da tabon sifana. Wata biyu hannun nan yana miƙa masa kayan aiki. Ya sake shi, ya zauna daɓas a ƙasa cikin babbar rigarsa. Maza suka taru suka ɗaga motar aka jawo ni.

Wannan ita ce ƙafar da kuka tashi kuka ga ina ja. An ce muku inji ne ya faɗo mini a gareji. Inna ce ta tsara maganar don a rufa wa Baba asiri, lungu gaba ɗaya suka riƙe ta, har waɗanda ba sa shiri da mu. Hauwa, kina ƙarama kin sha ce mini kin ga Kaka ya taka ni da mota, ina ce miki mafarki kika yi. Ba mafarki ba ne. Ki yafe mini. Kada ki tsaya, ci gaba da rubutu.

Mai ɗori ya ɗora ƙafar, ta kama a karkace. Wata uku ina kwance. A kwana na goma bayan la'asar na ji takun sanda a ƙofar ɗakina. Inna ce ta riƙo shi har bakin ƙofa ta koma. Bai taɓa shiga ɗakina ba. Ya zauna a ƙasa daga bakin ƙofa, ya ba ni gefe. Na yunƙura zan tashi ya ce a kwanta. Sai ya ce:

"Fensir."

"E, Baba."

"Wa ya koya maka?"

"A gareji na gani."

"Aiki ne mai kyau. Sai mai ido zai kama shi. Shi ya sa ka zaɓe shi."

"E."

"Na miƙa maka murfin nan na ce ka duba mini."

"Ka miƙa mini."

"Me ya hana ka faɗa mini da baki?"

"Da na faɗa za ka ji?"

Ya girgiza kai.

"A'a. Da na zage ka. Ƙila da na kore ka daga gidan nan. Amma da ƙafarka biyu za ka fita."

Ya laluba aljihu ya ciro makullin, ya ajiye a kan tabarma, ya kira Inna ta zo ta riƙo hannunsa suka fita. Bai sake zuwa rumfar ba. Bai sake tambayar motar ba, ko da ƙannena suka sayar da ita. Ya yarda aka kai shi asibiti, suka ce an makara. Shekara huɗu ya ƙara a duniya, a zaure, inda kuka san shi. Kullum da safe ina durƙusawa in gaishe shi, ya amsa, in wuce. Ba mu sake cin abinci tare ba, ba mu sake hira ba. Ban sani ba ko fushi ne ko kunya, nasa ko nawa. Ban tambaya ba, har aka sa shi a ƙasa.

Yanzu na kusa kai shekarunsa na lokacin. Na lura kwanan nan in na ce zan hau babur in je gareji sai ku kalli juna. Makon jiya Sadiku ya ce babur ɗin yana wurin gyara, alhali ni ban ce ya lalace ba. Ni ba yaro ba ne. In da magana, wanda ya fi ƙarfin hali a cikinku ya zo ya yi sallama, ya zauna, ya faɗa mini da baki. Zan yi faɗa. Ƙila in ce ya fita mini daga gida. Ya zauna ya shanye faɗan, ya sake faɗa.